Ƙwaron da Zanen Gidansu Ke Kan Ciki

Idan darɓa ta sauka a gonar wake, ba a jimawa sai ka ga wani ɗan ƙwaro kumburarre yana sintiri a kan ganye, siffarsa kamar an kifa ƙoƙo, bayansa na sheƙi, an yarfa masa ɗigo-ɗigo. Turawan Ingila suna kiransa tsuntsun Uwargida, suna nufin Nana Maryamu, alhali ba tsuntsu ba ne, kuma da yawansu maza ne. Rashawa suna ce masa 'yar saniyar Ubangiji. Ba ya ba da nono. Abin da yake fitarwa idan an matsa masa shi ne wani ruwa rawaya mai ɗaci da wari, kuma ta gwiwoyinsa yake fitar da shi. Misirawa suna ce masa Abul Idi. Masana sun tara danginsa kaf a gida ɗaya mai suna Coccinellidae, kuma an rubuta sunayen nau'i wajen 6,000 a duniya. A nan zan kira su 'yan ɗigo.

Manyansu ba su da wuyar sha'ani. Mai ɗigo bakwai, wanda masanin nan Linnaeus ya raɗa wa suna Coccinella septempunctata a 1758, yakan kai milimita 7 ko 8, ja ne wur, uku a dama, uku a hagu, ɗaya a tsakiya inda fikafikan suka haɗu. Yaro ma zai iya ƙirga su. Na gonakinmu da ake kira Cheilomenes su ma suna da jiki da ado, ko da tsohuwar waya ka ɗauke su za a gane gidansu. Maganata a kan ƙananan take, waɗanda mutum zai ɗauka datti ne ya hure, sai ya ga dattin ya miƙe yana tafiya.

Waɗannan su ne 'yan gidan Scymnus, da Nephus, da Diomus, da Stethorus, da maƙwabtansu. Tsawonsu daga milimita 1 zuwa 3. Wanda ake kira Stethorus punctillum bai wuce ƙwayar acca ba, baƙi ne ƙirin, abincinsa jan gizo-gizon nan da ke busar da ganyen tumatir. Yawancinsu baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, jikinsu lulluɓe da gashi mai laushi kamar furfura, kuma da damansu ba su da ɗigo ko ɗaya, duk da cewa 'yan ɗigo ne na asali, uwa da uba. A Birtaniya, inda aka ƙirga nau'i wajen 47, guda 26 ne kawai ake ɗauka a matsayin masu jan ido. Sauran an haɗa su a rukuni guda da ake kira marasa jan ido, kuma haka ake rubuta su a littattafai. Da Helen Roy da Peter Brown suka fitar da littafinsu na 'yan ɗigon Birtaniya da Ayalan a 2018, da zanen Richard Lewington, sun ba waɗannan marasa jan idon shafukansu, abin da na ɗauka adalci ne da aka daɗe ana jira.

Wani zai ce, abin da bai kai ƙwayar riɗi ba, ina ruwan wani da sunansa? Da ruwan manomi, ko bai sani ba. A 1888 wani mai suna Albert Koebele ya aiko da wani ɗan ɗigo daga Ostareliya zuwa Kalifoniya, tsawonsa bai wuce milimita 4 ba, domin wani farin ƙwaro mai kama da auduga yana neman gamawa da gonakin lemo. Ɗari biyar da 'yan kai aka kawo gaba ɗaya, kuma kafin shekara biyu gonakin sun farfaɗo. A shekarun 1970 an kai wani ɗan ɗigon da aka samo daga Iran, mai suna Chilocorus bipustulatus, cikin lambunan dabino na tsaunukan Ayar a Nijar, don ya cinye farin ƙwaron da ke mannewa a ganyen dabino. Kowanne daga cikinsu da irin abincinsa. Idan ka ɗauko wanda ba shi ba, ka biya masa kuɗin jirgi, zai sauka ya dubi abin da ka ajiye masa ya ƙi ci.

An ga irin wannan a rikicin rogo. Farin ƙwaro mai gari-gari da ya shigo Afirka a farkon shekarun 1970 ya yi wa rogo mummunar ɓarna, masu bincike suka tafi nahiyar Amurka neman maƙiyansa. Da farko sun samu wani mai kama da shi sak, suka kwaso maƙiyan wancan, maƙiyan suka zo suka kasa hayayyafa a kan na Afirka, domin ashe nau'i biyu ne daban. Sai a 1981 aka gano na gaskiyar a Faraguwai, daga nan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a wani shiri ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, ta saki wani ɗan mitsitsin zanzaro da ya kawo ƙarshen annobar. Cikin maƙiyan da aka kawo a wancan aiki har da wani ƙaramin ɗan ɗigo na gidan Diomus, wanda ya yi shekaru yana aiki ana rubuta shi da sunan gidansu kawai, kafin masanin nan Bajamushe Helmut Fürsch ya raɗa masa nasa. Kama da wane ba ta wane. A wajen ƙwari wannan karin magana ya taɓa lashe shekaru da kuɗi masu yawa.

To yanzu ga hoto a gabanka, an turo maka ko kai ka ɗauka. Tambayar farko ita ce ko ɗan ɗigo ne ma tukuna. Akwai ƙwari da yawa masu yawo da rigar gidan da ba nasu ba. Dubi ƙahonnin kansa. Na ɗan ɗigo gajeru ne, da ɗan kumburi a ƙarshe kamar kulki. Idan ka ga dogayen ƙahonni sun kai rabin jiki, wannan mai cin ganye ne, ka sallame shi. Dubi bayansa, dole ka ga layi miƙaƙƙe daga wuya zuwa gindi, inda murafan fikafikai biyu suka haɗu. Akwai wani kumburarren ƙwaro mai suna Coptosoma da ke zama a kan wake, daga nesa ɗan ɗigo ne sak, amma bayansa ɓawo ɗaya ne babu tsaga, kuma bakinsa tsinke ne na tsotso. Idan hoton ya nuna gefen baki, nemi wasu 'yan hannuwa biyu masu faɗin kai kamar bakin gatari. Yawancin 'yan ɗigo suna da su.

Daga nan mutane sukan faɗa ƙirgar ɗigo, kuma a nan ake yawan yin asara. Ɗigo ba ya nuna shekaru. Ƙwaron da ya fito daga ƙunshinsa ya gama girma, ba zai ƙara ko tsawon gashi ba, don haka ƙaramin da ka gani kusa da babba ba ɗansa ba ne, dattijo ne a nasa gidan. Sannan sunan da ke ɗauke da lamba ba alkawari ba ne. Mai ɗigo biyu, Adalia bipunctata, yakan zo baƙi da jajayen ɗigo huɗu ko shida. Mai ɗigo goma yakan zo da fiye da goma, yakan zo babu ko ɗaya. Mai ɗigo 24 ba kasafai ake samunsa da 24 cif ba, domin ɗigon kan haɗe da juna. Shi kuwa Harmonia axyridis, ɗan Asiya da ya shiga Ingila a 2004 ya mamaye ta, yana da riguna fiye da na amarya: ja, ruwan lemo, baƙi, mai ɗigo da yawa, marar ɗigo. Wanda ya fito daga ƙunshi yau da safe kuma rawaya ne fayau, sai bayan wasu sa'o'i ɗigon ke bayyana. Ka ɗauke shi da hantsi, ka sake ɗaukarsa da la'asar, za ka rantse ƙwari biyu ne.

Akwai kuma ɗigon da ba na ƙwaro ba ne, na mai hoto ne. Bayan ɗan ɗigo kumburarre ne mai santsi, idan hasken waya ya buge shi sai ya mayar da wani farin tabo a tsakiya. Wannan tabo yana shiga lissafi sau da yawa. Maganinsa a rufa wa fitilar 'yar farar takarda mai laushi, ko a fita waje a ɗauka a inuwar bishiya da safe. A wajen masu gashi kuwa haske mai ƙarfi yakan mayar da baƙin ƙwaro toka-toka, ya shafe 'yar jar alamar da ke kafaɗarsa, wadda watakila ita kaɗai ce shaidar da yake da ita a bayan.

Samun ƙwaron shi ne mafi sauƙi a duk aikin. A buɗe lema a juya ta, cikinta na kallon sama, a riƙe ƙarƙashin reshen lemo ko na mangwaro ko dogon yaro, a bugi reshen da sanda sau biyu ko uku. Duk abin da ke kai zai zubo. Sai a tsuguna a jira. Datti ba ya motsi. Abin da ya fara tafiya bayan minti ɗaya shi ake nema. A sa shi a 'yar kwalba, a rubuta gari, da kwanan wata, da sunan bishiyar, da irin ƙwarin da ke cinta, da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan barasar adana ƙwari ta taɓa ta. Wannan rubutu rabin shaida ne. Baƙin ɗan mitsitsi da aka samu tsakiyar jan gizo-gizo ya riga ya faɗi rabin sunansa.

Ɗan ɗigo ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, kuma ba a yi masa tsawa. Masu wannan aiki sukan sa kwalbar a firji na 'yan mintuna, a ɓangaren sanyi ba na ƙanƙara ba, har jikinsa ya yi nauyi. Sai a fito da shi a ɗora a farar takarda, a ajiye rula a gefensa ta ɓangaren milimita. Rular nan wajibi ce. A fuskar waya ɗan milimita 2 da ɗan milimita 8 duk girman kunkuru suke. Wasu sukan ajiye kwabo ko ashana, amma kwabon wata ƙasa daban yake da na wata, kuma masanin da zai duba hoton watakila bai taɓa riƙe naka ba. A ɗauki baya daga sama daidai, a ɗauki gefe don a ga tudun bayan da yadda gashin ya kwanta, domin a wasu nau'in gashin yana murɗawa kamar an taje shi, a wasu kuma miƙe yake. A ɗauki fuska. A gidan Scymnus da na Hyperaspis sau da yawa goshin namiji ja ne ko rawaya, na mace baƙi, har mutum ya ba miji da mata suna biyu daban ya raba aure bai sani ba.

Duk wannan share fage ne. Hoton da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda kusan babu mai ɗauka, wato na ciki.

A ƙasar Hausa a da, kafin baƙo ya buɗe baki an san inda ya fito, domin wanzami ya riga ya rubuta masa a kumatu. Zanen Gobirawa daban, na Barebari daban. Ƙananan 'yan ɗigo su ma suna da zanen gida, sai dai nasu a ciki yake, a gaɓar farko, daidai bayan gindin ƙafar baya. Wani siririn layi ne mai lanƙwasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A wani reshe na gidan Scymnus da ake kira Pullus, layin yakan zagayo ya koma inda ya taso, ya cika kamar jinjirin wata. A ɗaya reshen sai ya taho ya ɓace a hanya bai ƙarasa ba. A gidan Diomus yakan gangaro ya haɗe da bakin gaɓar ya bi ta. Sai a hau ƙirji, tsakanin ƙafafun gaba. 'Yan Scymnus suna da 'yan tudu biyu a jere a wurin, kamar kunya biyu a gona. 'Yan Nephus ba su da su, ƙirjinsu fili ne. Shi kuma Stethorus ƙirjinsa ya turo gaba ya rufe masa baki kamar mai amawali. A Ingila akwai wasu biyu 'yan gidan Rhyzobius masu ruwan ƙasa da suka yi kama ƙwarai, kuma siffar kunyoyin ƙirjin nan na cikin abin da ake raba su da shi. Mu mun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan gida fuska ba ta da labari mai yawa, ciki ake tambaya.

An yi sa'a ƙwaron da kansa yana taimakawa. Idan ya tsorata yakan janye ƙafafu ya faɗi ya yi kamar ya mutu, sau da yawa a rigingine. Wannan 'yar mutuwar ƙarya ita ce damar mai hoto, kuma ba ta daɗewa. Wahalar ita ce ƙafar baya takan naɗe ta rufe zanen daidai inda ake so. Dabarar ita ce a sa shi cikin 'yar farar leda mai haske ko ƙaramin mazubin gilashi, a bari ya taka da ƙafafunsa, a ɗauke shi ta ƙasa. A manna wa waya gilashin ƙara girma irin wanda ake maƙalawa a kan kyamara, a jingina gwiwar hannu a tebur, a riƙe numfashi. A ɗauki ashirin. Ɗaya zai fito.

Ko bayan wannan duka akwai inda hoto ke cije wa. Gidan Scymnus kaɗai yana da ɗaruruwan nau'i, kuma akwai rukunoni a cikinsa da baya ɗaya, ciki ɗaya, zane ɗaya. A Turai dangin Scymnus frontalis sun yi suna a kan haka. A nan masana ba su da wata hanya sai duba al'aurar namiji, tare da neman afuwar mai karatu. Ana jiƙa cikin mataccen ƙwaro a ruwan sinadari har ya yi laushi, a sa shi ƙarƙashin maikuroskof, a zaro gaɓar da bakin allura. Siririya ce mai lanƙwasa kamar lauje, kuma siffar bakinta da gindinta ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i fiye da duk wani abu da ke waje. Babban littafin Robert Gordon na 1985 a kan 'yan ɗigon Amurka ta Arewa cike yake da zanen wannan lauje, shafi bayan shafi. Idan kuwa wadda ka kama mace ce, a wasu rukunonin sai dai a yi haƙuri, ko a koma bishiyar a nemo mijinta.

Saboda haka amsar da ta dace da yawancin hotunan ƙananan 'yan ɗigo gajeriya ce: sunan gida, sai haruffa biyu da aya, Scymnus sp. Ma'anarsa ɗan gidan Scymnus ne, amma hoton bai nuna wane ne a cikinsu ba. Ina girmama wannan amsa ƙwarai, kuma raina yana ɓaci idan na ga an raina ta. Wanda ya rubuta ta ya duba, ya ga iyakar abin da shaida ta kai, ya tsaya. Alƙalin kirki ma ba ya yanke hukunci a kan wanda aka gani ta ƙeya cikin duhu.

Abin da ya sa nake nanata wannan shi ne manhajojin gane halittu. Akwai iNaturalist, da aka fara a 2008 a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, inda kake ɗora hoto kwamfuta ta ba ka shawarar suna, mutane kuma su tabbatar ko su gyara. Aiki ne mai albarka. Sai dai kwamfutar daga hotunan da aka riga aka sa wa suna ta koya, kuma mafi yawansu daga Turai da Amurka suke. Idan ka nuna mata ɗan baƙin ƙwaro daga lambun Kura ko Maradi, za ta duba cikin waɗanda ta sani ta miƙo maka mafi kama, wanda watakila bai taɓa taka Afirka ba. Ƙa'idar wurin ita ce idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu sa suna suka yarda, kuma sun kai aƙalla mutum biyu, hoton ya zama na matakin bincike, daga nan yana iya wucewa rumbun bayanai na duniya da ake kira GBIF, mai hedikwata a Kwapanhegan. Ke nan kai da amininka, idan ya danna amincewa don kara, kun isa ku ba ƙwaron Turai takardar zama a ƙasar Hausa, wani ɗalibi kuma ya zo bayan shekara biyar ya gina bincikensa a kai. Kara tana da wurinta, a biki da makoki. Kada a kawo ta nan.

Kuma kada wannan ya sa a ajiye waya. Hoto ya taɓa dawo da wanda aka fid da rai da shi. Mai ɗigo tara shi ne ƙwaron da jihar Niyok ta zaɓa a matsayin tambarinta a 1989, a daidai lokacin da yake ɓacewa daga jihar. Masana a Jami'ar Cornell suka roƙi jama'a su riƙa turo hotunan duk ɗan ɗigon da suka gani, kuma a 2011 wani mai aikin sa kai ya same shi a wata gona a tsibirin Long Island. Shi babba ne, hoton bayansa ya isa. Namu ƙananan na yankin Sahel ba su samu ko kusa da wannan kulawa ba, don haka kowane hoto mai rula, mai kwanan wata, mai nuna ciki, yana da daraja ko da sunan gida kawai aka iya sa masa.

Saura 'ya'yansu, waɗanda aka fi zalunta. Tsutsar Scymnus da ta danginsa takan lulluɓe jikinta da wani farin kaki mai tsiro-tsiro, har ta koma kamar farin ƙwaro mai gari-garin da ake feshi dominsa. Manomi ya gan ta a tsakiyar darɓa, ya ce ga uwarsu nan, ya ɗauko famfo. Bambancin yana tafiya. Mai ɓarnar yana manne wuri ɗaya yana tsotso, ita kuwa tana zagayawa da sauri, idan ka kai gilashi kusa za ka ga darɓa a bakinta. A nan gajeren bidiyo ya fi hoto. Wanda ke son sanin 'yar gidan wa ce sai ya sa ta a kwalba da ganye mai darɓa, ya rufe bakin da ƙyalle, ya riƙa sauya ganyen. Za ta dunƙule ta manne a gefe, bayan kwanaki babban ya fito. A ba shi kwana biyu launinsa ya zauna, a sa shi firji, a kawo rula, a ɗauki baya da gefe da fuska da ciki. Idan an gama a mayar da shi kan ganyen da aka ɗauko shi yana tsutsa, ta ƙasan ganyen, wajen da darɓar ta fi yawa.